Yadda zaka sa Python ya yi ta maimaita aiki da while har sai sharaɗi ya canza

Lup shine kod ɗin da yake maimaita aiki. Yawancin masu koyon Python lup ɗin for suke fara kamawa, kuma da gaskiyarsu, don shi kam baya da wahalar sha'ani, ka bashi jerin abu goma ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya tsaya da kansa ba sai ka ce masa komai ba. Rigimar tana farawa ne ranar da aikin dake gabanka baka san sau nawa za'a maimaita shi ba. Mutum zai saka lambar sirri, sau nawa zai kuskure kafin ya dace? Kana tura saƙo sabis yana ɗaukewa, sau nawa zaka sake gwadawa? Mai shago yana shigar da farashin kaya, kaya nawa kwastoma ya ɗauko? Duk waɗannan ba wanda ya san adadinsu tun farko, toh anan ne while yake shigowa. Abin da na lura dashi shine mutane suna haddace yadda ake rubuta shi amma basa tsayawa su yi wa kansu tambaya guda ɗaya wadda ita ce komai a wannan darasin: me zai sa lup ɗin nan ya tsaya, kuma wane layi ne a cikinsa yake tura shi wajen tsayawar?

Kamar mai cika randa da bokiti ne, baya ƙirga bokiti nawa ya zuba, leƙawa yake yi, muddin bata cika ba ya sake juyewa, in kuwa randar tana yoyo daga ƙasa sai dai ya kwana yana ɗiba.

Duk abin da zan rubuta a nan Python 3 ne, Python 2 an daina kula dashi tun 1 ga Janairu 2020 don haka in ka ci karo da tsohon darasi da ake rubuta print babu baka biyu, ka wuce shi kawai. Ko baka da laftop ba matsala, Pydroid 3 ko Termux a wayar Android sun isheka gwada komai.

Mu fara da mafi ƙanƙanta

```
lamba = 1
while lamba <= 5:
    print(lamba)
    lamba = lamba + 1
print("An gama")
```

Kafin ka kunna shi, ɗauki biro da takarda ka bi shi da hannu, wallahi wannan ɗabi'ar ta fi kallon bidiyo goma amfani. lamba ta fara da 1. Python ya zo kan while ya tambaya, 1 bata wuce 5 ba? Eh, sai ya shiga ciki ya buga 1 a sikirin ya mayar da lamba 2, sannan ya koma sama ya sake tambaya. Haka zai yi ta yi har lamba ta zama 5, ya buga 5, ya ƙara mata ɗaya ta zama 6, ya koma sama ya tambaya 6 bata wuce 5 ba? A'a ta wuce, toh sai ya tsallake duk abin dake ciki ya sauka kan layin An gama. Ka lura da kyau, bayan lup ya ƙare lamba 6 ce ba 5 ba, wannan ɗan bambancin na ɗaya yana rikita lissafi sosai in zaka yi amfani da lambar a gaba.

Abu uku ne a wajen. Akwai inda aka fara, wato lamba = 1, akwai sharaɗin da ake dubawa, sannan akwai layin da yake canza lambar. Ka goge na ukun ka gani, zai yi ta buga 1 1 1 babu ranar gamawa saboda lamba tana nan a 1 kuma kullum 1 bata wuce 5 ba. Sannan Python baya duba sharaɗin a tsakiyar zagaye, sai ya gama duk layukan ciki ya koma sama tukun, kuma idan tun farko sharaɗin ƙarya ne, misali ka fara da lamba = 10, ko sau ɗaya ba zai shiga ba.

Maganar tazara kuma, layukan da suke cikin lup dole a tura su ciki, al'ada ita ce sifes huɗu, kuma kar ka haɗa sifes da tab a fayil ɗaya. Da zaka tura print("An gama") ciki shima, sai ya buga An gama sau biyar, kuma Python ba zai nuna maka wani kuskure ba don a wajensa abin da ka ce ya yi kenan. Kar ka manta da ɗigo biyun nan na ƙarshen layin while.

Gaskiya wannan misalin na sama for ya fi dacewa dashi tunda mun san sau biyar ne. Ga inda while yake da haƙƙi:

```
buri = 350000
ajiya = 20000
wata = 0
while ajiya < buri:
    ajiya += 45000
    wata += 1
print("Wata", wata, "kuɗi", ajiya)
```

Kana da dubu ashirin a hannu, kana son tara dubu ɗari uku da hamsin, duk wata kana iya ware dubu arba'in da biyar. Baka gaya wa Python wata nawa ba, shi zai gaya maka, zai ce wata 8 kuma kuɗin ya kai 380000. Alamar += ɗin nan taƙaitawa ce kawai, ajiya += 45000 daidai yake da ajiya = ajiya + 45000. Yanzu ka ɗauka wani ya rubuta while ajiya != buri maimakon ƙasa da buri, wato ci gaba muddin basu yi daidai ba. Kuɗin zai tashi daga 335000 ya dira 380000, ya tsallake 350000 bai taɓa takawa ba, shikenan lup ya tafi ba dawowa. Don haka ni shawarata in dai kana hawa ne zuwa wata lamba, yi amfani da < ko <=, ka bar != sai inda ka tabbata dole a taka wannan lambar.

Wannan matsalar ta fi muni da lambobi masu ɗigo. Gwada wannan, amma ka shirya tsayar dashi:

```
x = 0.0
while x != 1.0:
    x += 0.1
```

A lissafin makaranta 0.1 sau goma 1 ne cif, amma kwamfuta da sifili da ɗaya take ajiye lamba, kuma 0.1 baya zaunawa daidai a wannan tsarin, akwai ɗan guntun da yake ɓacewa, sai bayan zagaye goma ka samu 0.9999999999999999, na gaba kuma ya haura 1. Rubuta print(0.1 + 0.2) zaka ga 0.30000000000000004 da idonka. Ba laifin Python bane, JavaScript ma amsar da zai baka kenan. Shi yasa in lissafin kuɗi kake yi gara ka ƙirga da kobo a matsayin cikakkiyar lamba, naira ɗaya da kobo hamsin ka rubuta 150, sai wajen nunawa ka raba da ɗari.

In lup ya ƙi tsayawa

Zai faru da kai, yana faruwa da kowa, kar ka tsorata ka kashe kwamfuta. Danna Ctrl da C tare a taminal, wato tagar da ka kunna shirin a ciki, Python zai tsaya ya rubuto KeyboardInterrupt, kuma zai nuna maka layin da yake kai lokacin da ka katse shi, wannan layin ka karanta shi don a cikin lup ɗin da ya maƙale yake. A Termux akwai CTRL a ɗan layin maɓallan dake saman kibod, ko ka riƙe maɓallin rage murya ka danna c. A Jupyter ko Google Colab akwai maɓallin tsayarwa kusa da inda ka kunna.

Lup ɗin da yake buga rubutu kawai ba wani haɗari gareshi ba. Wanda ya kamata ka yi hattara dashi shine wanda yake ƙara abu cikin jeri a kowane zagaye, don zai yi ta cin memori har wayar ko laftop ɗin ta fara sanƙarewa, ko wanda yake rubutu cikin fayil, shi kuma ya cika maka ma'ajiya cikin ɗan lokaci. In kana gwada irin waɗannan ka saka masa iyaka tukun, misali ya tsaya in ya zagaya sau dubu, in ka tabbata yana aiki sai ka cire.

Kuma kar ka ɗauka 'yan koyo ne kaɗai suke faɗawa wannan ramin. Ranar 31 ga Disamba 2008 na'urar sauraron waƙa ta Microsoft mai suna Zune, samfurin 30GB, ta sanƙare wa mutane a ko'ina a rana ɗaya, kuma sanadin lup ɗin while ne a kod ɗin da yake lissafa kwanan wata. Na'urar tana riƙe da adadin kwanaki tun daga farkon 1980, sai ta yi ta cire kwanakin shekara ɗaya ɗaya har ta gano shekarar da ake ciki. Da yaren C aka rubuta shi amma in aka mayar dashi Python kusan haka yake:

```
shekara = 1980
while kwanaki > 365:
    if mai_kwana_366(shekara):
        if kwanaki > 366:
            kwanaki -= 366
            shekara += 1
    else:
        kwanaki -= 365
        shekara += 1
```

Kalle shi da kyau kafin ka ci gaba. 2008 shekara ce da Fabrairu yake da kwana 29, don haka ranar ƙarshe ita ce ta 366. kwanaki ya zama 366, ya fi 365 don haka aka shiga lup, shekarar mai kwana 366 ce aka shiga if na farko, sai aka tambaya 366 ya fi 366? A'a. Toh babu else a wajen, ba abin da aka rage ba abin da aka ƙara, aka koma sama da lambar yadda take, aka sake shiga, haka dai. Hanya ɗaya tak a cikin kod ɗin da bata canza komai, kuma sau ɗaya take buɗewa a shekara huɗu. Abin da kamfanin ya ce wa mutane shine su bar batirin ya mutu, su jira 1 ga Janairu 2009 sannan su yi caji su kunna. Ina son wannan labarin sosai don yana nuna cewa bai isa ace akwai layin da yake canza lambar ba, dole duk hanyar da za'a bi a cikin lup, ko ta canza wani abu ko ta fita.

break, da abin da yake biye dashi

Kowa ya san ATM, in ka kuskure lambar sirri sau uku an gama da kai. Ga shi:

```
sirri = "4821"
saura = 3
while saura > 0:
    amsa = input("Saka lambar sirri: ")
    if amsa == sirri:
        print("Barka da zuwa")
        break
    saura -= 1
    print("Ba daidai ba, saura", saura)
else:
    print("An kulle katin")
```

Ƙofa biyu ce ta fita a nan. Ko dai mutum ya dace sai break ya fitar dashi nan take ba tare da an sake duba sharaɗi ba, ko kuma damarsa ta ƙare saura ya zama sifili. Shi else ɗin nan da kake gani daidai da while ba na if bane, na lup ɗin ne, kuma yana aiki ne kawai idan lup ya ƙare saboda sharaɗi ya zama ƙarya, in break ne ya fitar da kai ba za'a taɓa shi ba. Mutane da yawa sun daɗe suna rubuta Python basu san dashi ba, kuma yaruka irin su JavaScript da C basu dashi. Wasu basa sonsa wai yana rikita mai karatu, ni dai a irin wannan wajen na ga ya fi tsafta akan ka ƙirƙiri wani bariyabul, wato sunan da ake ajiye bayani a cikinsa, kamar ya_dace = False kana bibiyarsa.

Lura na saka lambar sirrin cikin alamar zance, rubutu ce ba lamba ba. Dalili biyu. Na ɗaya input kullum rubutu yake dawo maka dashi, ko mutum ya danna 4821 abin da ka samu "4821" ne, kuma a Python "4821" == 4821 ƙarya ne, in ka kwatanta su haka ko mai katin ba zai taɓa shiga ba. Na biyu, in ka mayar da ita lamba da int, mai sirri 0042 tasa zata koma 42. Kuma don Allah wannan misali ne na koyo, a manhaja ta gaskiya ba'a rubuta lambar sirrin mutane a fili cikin kod.

Wasu yarukan suna da lup ɗin da yake fara yin aikin sau ɗaya kafin ya duba sharaɗi, JavaScript da PHP suna da do while, Lua yana da repeat until. Python bashi da ko ɗaya, abin da ake yi shine while True sai a saka break a inda ake son fita. Wajen karɓar bayani daga hannun mutum wannan ne zaka fi amfani dashi, don mutane basa rubuta abin da ka ce su rubuta, ka ce lamba wani ya rubuta maka biyar da haruffa, wani ya danna enta kawai, wani ya saka -3.

```
while True:
    rubutu = input("Buhu nawa kake so? ")
    try:
        buhu = int(rubutu)
    except ValueError:
        print("Da lamba zaka rubuta, kamar 5")
        continue
    if buhu <= 0:
        print("Sai daga 1 zuwa sama")
        continue
    break
print("Toh, buhu", buhu)
```

True kullum gaskiya ne don haka sharaɗin sama ba zai taɓa tsayar dashi ba, nauyin tsayawa gaba ɗaya yana kan break ɗin ƙasa. In int ya kasa mayar da rubutun lamba sai ya jefo ValueError, mu kuma mun tare shi da except maimakon mu bari shirin ya mutu. continue kuma ma'anarsa bar sauran layukan wannan zagayen ka koma sama. Kaga ba yadda za'ayi a iso kan break sai an wuce shingen nan biyu, don haka duk abin da ya biyo bayan lup ɗin ka san buhu lamba ce mai kyau, ba sai ka sake dubawa ba.

Amma continue yana da tarko a cikin while wanda babu shi a for:

```
n = 0
while n < 10:
    if n % 2 == 0:
        continue
    print(n)
    n += 1
```

Niyyar mai rubutun ya buga 1, 3, 5, 7, 9. Abin da zai faru shine ko harafi ɗaya ba zai fito ba, sikirin zai yi shiru kamar ba abin da ake yi alhali kwamfuta tana can tana ta juyi. n sifili ce, sifili in aka raba da biyu babu saura, continue ya mayar damu sama bamu taɓa n += 1 ba, n tana nan sifili. Irin ciwon Zune ne sak. Gyaran shine ka ɗauko n += 1 ka kai shi layin farko na cikin lup kafin if ɗin, ta yadda ko ta ina aka bi an riga an ƙara. Duk lokacin da ka rubuta continue a cikin while, ɗaga ido ka duba ko layin da yake canza sharaɗin yana samansa ko ƙasansa.

Sannan break lup ɗaya kawai yake fasawa, wanda yake cikinsa kai tsaye. In kana da lup cikin lup, na ciki ne zai tsaya na waje ya ci gaba, in kana son fita gaba ɗaya hanya mafi sauƙi ka saka su cikin fankshin, wato guntun kod mai suna da ake kira ya yi aiki, ka yi return ka fita daga cikinsa.

Mai shago da jimlar kaya

```
jimla = 0
farashi = input("Farashi: ")
while farashi != "":
    jimla += int(farashi)
    farashi = input("Farashi: ")
print("Jimla", jimla)
```

Yana ta shigar da farashi, in ya gama sai ya danna enta ba tare da ya rubuta komai ba, wannan fankon rubutun shine alamar tsayawa. A nan != bashi da matsala don ba hawa muke zuwa wata lamba ba. input ɗin sau biyu ya fito, ɗaya kafin lup don sharaɗin ya samu abin dubawa a karon farko, ɗaya a ƙarshen lup don ya samu sabo, ka manta na biyun sai ya yi ta tara farashin farko shi kaɗai. Daga Python 3.8 da ya fito a 2019 akwai alamar := da take barinka ka karɓa ka kuma duba a layi ɗaya:

```
jimla = 0
while (farashi := input("Farashi: ")) != "":
    jimla += int(farashi)
```

Ya fi gajarta kuma ba zaka manta input na biyu ba tunda babu shi. Amma ka fara sabawa da na farkon, don shi zaka fi gani a kod ɗin mutane. Wani abu kuma, kar ka zaɓi alamar tsayawa da zata iya zama bayani na gaskiya, in makin jarabawa ake shigarwa ka ce 0 ne alamar gamawa, ranar da ɗalibi ya ci sifili shirin zai rufe a tsakiyar aji.

Haka kuma sharaɗi ba dole sai da alamar kwatance ba. A Python jerin da babu komai cikinsa, da fankon rubutu, da sifili, da None, duk ƙarya ake ɗaukarsu, don haka zaka iya cewa:

```
layi = ["Audu", "Binta", "Sani"]
while layi:
    print("Na gaba:", layi.pop(0))
```

pop(0) yana ciro na farko ya cire shi daga jerin, jeri yana raguwa har ya zama fanko lup ya tsaya. Amfanin wannan akan for shine zaka iya ƙara mutum a layin ana cikin tafiya da append ba abin da zai rikice, shi kuwa for in kana cire abu daga jerin da yake bi sai ya riƙa tsallake wasu. In layin yana da tsawo sosai, dubbai, nemi deque a cikin collections ka yi amfani da popleft, ya fi pop(0) sauri nesa ba kusa ba.

Sake gwadawa in sabis ya ɗauke

Wannan kam mu da muke fama da netwok mun fi kowa buƙatarsa. Kana da fankshin da yake tura bayani zuwa saba, wato kwamfutar da take karɓar bayanin ta intanet, wani lokaci ya tafi wani lokaci ya ƙi. Abin da zai fara zuwa ran mutum shine while True a yi ta turawa har ya tafi, kuma kuskure ne babba, don in sabar ce ta faɗi zaka yi ta dukanta ba hutawa kana ƙone data da batiri, wasu sabobin ma toshe ka zasu yi in sun ga buƙatu sun yi yawa daga waje ɗaya.

```
import time

gwaji = 0
jira = 1
while gwaji < 5:
    if aika_sako():
        print("Ya tafi")
        break
    time.sleep(jira)
    jira *= 2
    gwaji += 1
else:
    print("Ya ƙi, a gwada anjima")
```

aika_sako naka ne, kai zaka rubuta shi ya dawo da True in ya yi nasara. time.sleep yana sa shirin ya dakata na daƙiƙun da ka bashi, mu kuma muna ninka jiran, 1, 2, 4, 8, 16, gaba ɗaya daƙiƙa 31 in duk sun faɗi. Ga iyaka ga hutu, kuma in abin ya ƙi mun gaya wa mutum gaskiya maimakon mu barshi yana kallon sikirin. Duk lup ɗin da tsayawarsa ta dogara da wani abu na waje da ba a hannunka yake ba, intanet ne ko wata na'ura ko fayil da kake jira ya bayyana, ka bashi iyakar gwaji ko iyakar lokaci.

Ta yaya zaka tabbata zai tsaya?

Hanyar da nake bi ita ce in nemo wata lamba a cikin lup ɗin da take raguwa a kowane zagaye kuma bata iya sauka ƙasa da wani waje. A misalin ATM saura ce. A na ajiya, abin da ya rage a kai buri ne. Ga tsohon misali da yake cikin littafin lissafin Euclid tun kusan shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, na nemo babbar lambar da take raba lambobi biyu ba saura:

```
a, b = 48, 18
while b != 0:
    a, b = b, a % b
print(a)
```

Alamar % saura take bayarwa bayan rabawa. 48 da 18 suka koma 18 da 12, suka koma 12 da 6, suka koma 6 da 0, amsa 6. Saura kullum ƙasa yake da abin da aka raba dashi, don haka b dole ta yi ta sauka har ta taka sifili, ko waɗanne cikakkun lambobi da suka fi sifili ka saka. Anan != lafiya lau ne don mun tabbata sai an taka sifilin.

Kwatanta da wannan:

```
n = 27
mataki = 0
while n != 1:
    if n % 2 == 0:
        n = n // 2
    else:
        n = 3 * n + 1
    mataki += 1
print(mataki)
```

In lambar tana rabuwa biyu a raba ta, in bata rabuwa a ninka sau uku a ƙara ɗaya. 27 ɗin nan sai ta hau har 9232 kafin ta sauko, mataki 111 take ɗauka ta kai 1. Wani masanin lissafi ɗan Jamus, Lothar Collatz, shi ya kawo tambayar ko kowace lamba zata sauko 1 ta wannan hanyar a 1937, kuma duk lambar da aka gwada da kwamfuta tana saukowa 1, amma har yau ba wanda ya kawo hujjar cewa kowace lamba haka zata yi. Lup mai layi shida kenan. Ka lura na rubuta // ba / ba, don / yana mayar da lamba mai ɗigo, // kuma yana barinta cikakkiya.

In lup ɗinka yana abin da baka gane ba, saka print a layin farko na cikinsa ya buga maka duk bariyabul ɗin da suke cikin sharaɗin, ka ƙara time.sleep(0.5) don idonka ya iya bi. Yawanci kafin zagaye na biyar zaka ga wacce ce ta ƙi motsi.

Aikin da zaka yi da hannunka yanzu, wasan canki-canka. A saman fayil rubuta import random, sannan boye = random.randint(1, 100), kwamfuta ta ɓoye lamba tsakanin 1 da 100. Mutum ya yi ta canka, kai kuma kana ce masa ta yi sama ko ta yi ƙasa, ka ƙirga sau nawa ya gwada, in ya rubuta abin da ba lamba ba kar shirin ya mutu kuma kar a lissafa masa wannan a cikin gwajinsa. In ya yi aiki sai ka bashi dama bakwai kacal ka yi amfani da else ɗin lup ka bayyana lambar in ya kasa. Bakwai ɗin ba da ka na zaɓa ba, wanda yake cankar tsakiya kullum, 50 sannan 25 ko 75 haka haka, yana raba abin da ya rage gida biyu a kowane gwaji, kuma biyu in ka ninka ta a kanta sau bakwai 128 ne, ya haura ɗari. Daga nan ka juya wasan, kai ka riƙe lamba a zuciyarka Python ya canka, da bariyabul biyu kasa = 1 da sama = 100 da sharaɗin while kasa <= sama, kullum ya canki tsakiya, wato lambar dake tsakiyar kasa da sama, in ka ce masa lambarka ta fi haka ya mayar da kasa tsakiya + 1, in ka ce bata kai ba ya mayar da sama tsakiya - 1. Gwada cire + 1 ɗin nan ka riƙe 100 a ranka ka ga a wace lamba zai maƙale.